WATA GUDA BABU SUKARI: Lissafin Da Ya Kamata Mai Shan Shayi A Jajimaji Ya Yi

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Nguru ta nufi Gashuwa da sassafe, in ya iso Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa ta Jihar Yobe, abin da zai fara cin karo da shi a bakin titi shi ne teburin mai shayi. Ga tukunyar ruwan zafi a kan garwashi, ga gwangwanayen madara an jera, ga burodi da ƙwai, sa'an nan a tsakiyar tebur ga wata roba cike da farin sukari da cokali a tsaye a cikinta. Direbobi da 'yan dako da malaman makaranta da manoma duk a nan suke karya kumallo. In mutum ya ce a haɗa masa mai kauri, mai shayi ya san abin da ake nufi, watau madara ta ji, sukari kuma kada a yi masa rowa. Da wuya a sami wanda ya taɓa ƙirga yawan cokalin da ake zuba masa.

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta bazu a birane, ta kuma iso ƙauyuka ta wayoyin hannu, inda mutum zai ɗaura niyyar yin kwana 30 bai sha sukari ba, don ya ga abin da jikinsa zai yi. Waɗansu na cewa wata gudan nan yana wanke jini, yana narkar da teɓa, har ma yana warkar da ciwon sukari. Waɗansu kuwa suna ganin wahalar da kai ce kawai irin ta waɗanda suka ƙoshi. Binciken likitoci ya nuna cewa kowane ɓangare yana da inda ya yi daidai da inda ya zarce, kuma maganar ta shafi mutanen wannan yanki fiye da yadda ake zato.

Yadda sukari ya zama ɗan gida

Kalmar sukari kanta daga Larabci aka aro ta, abin da ke nuna hanyar da ya biyo ya shigo. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa sukarin Faransa cikin kayan da fatake ke ƙetarowa da su Sahara a kan raƙuma. Abin da ya sha irin wannan tafiya kuwa ba ya zama abincin talaka. A wancan zamani in talaka na son zaƙi sai ya nemi zuma, ko rake, ko takanɗa, ko mazarƙwaila, ko kuwa 'ya'yan itatuwan daji kamar su goriba da magarya da kanya da ɗinya, kuma galibinsu kowanne da lokacinsa. In lokacin ya wuce sai a haƙura sai baɗi.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano a 1930, sai al'amari ya fara sakewa. Jirgin da ke kwashe gyaɗa da fatu da shanu ya yi kudu da su, shi ne ke dawowa da kayan kanti, har da sukari na kwali. Bayan samun mulkin kai aka kafa masana'antar sukari a Bacita ta Jihar Kwara ta yanzu, wadda ta fara aiki a 1964, daga baya kuma ta Numan ta fara a 1980. Duk da haka mafi yawan sukarin da Nijeriya ke sha, wanda ya kai wajen tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, ɗanyensa ake shigowa da shi, galibi daga ƙasar Birazil, a tace shi a Legas. Abin da ya kasance kayan sarakuna da attajirai yanzu ana ƙulla shi a leda, ana sayarwa a kowane lungu. Ya shiga koko da kunu, ya shiga fura da nono, ya shiga zoɓo da kunun aya, ya kuma zama uban tafiya a shayin da matasa ke dafawa a majalisa, wanda ake sha zagaye uku, kowane zagaye da sabon sukarinsa.

Lissafin cokali

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan wannan batu. Ta ce kada sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, in ma da hali a mayar da shi ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum mai cin abinci daidai wa daida, kashi 10 ɗin nan shi ne kimanin giram 50, watau ƙaramin cokali 12 shafaffe. Kashi 5 kuwa giram 25 ne, cokali 6 ke nan. Hukumar ta sa zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse cikin wannan lissafi, amma ba ta sa zaƙin da ke cikin madara da 'ya'yan itacen da aka ci da ɓawonsu ko tsokarsu ba.

To, a ɗauki misalin magidanci guda a auna. A ce da safe ya sha shayi da cokali 4, da hantsi ya sha koko da cokali 2. Da rana ta take, musamman a bazara lokacin da zafin wannan yanki ke haura digiri 40, ya sha lemun kwalba mai sanyi guda ɗaya, wanda ke ɗauke da kimanin cokali 9. Da la'asar aka dama masa fura da cokali 3, da dare kuma ya koma majalisa ya ƙara shayi da cokali 4. Jimla cokali 22 ke nan, wajen giram 88. Ya kusa ninka iyakar farko, ya kuma ninka ta biyu fiye da sau uku. In aka tara na kwana 30, sai a ga ya sha fiye da kilo biyu da rabi shi kaɗai, alhali kuwa in an tambaye shi zai ce shi ba mai son zaƙi ba ne, tunda ba ya shan alewa.

Wannan shi ne amfani na farko da mai barin sukari ke samu, tun kafin jikinsa ya nuna wata alama. Ranar da ya ce ya bari, ranar ce zai fara gane duk wuraren da abin yake ɓoye.

Abin da yake yi cikin jiki

Farin sukari in ya shiga hanji yakan rabu gida biyu. Rabi shi ne gulukos, wanda ke wucewa cikin jini, sai wani ɗan sashe da ke bayan tumbi, wanda likitoci ke kira fankiriyas, ya saki sinadarin insulin don ya shigar da shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Ɗaya rabin shi ne furuktos, wanda galibin aikinsa a kan hanta yake faɗawa. In ya zo kaɗan-kaɗan hanta na iyawa da shi. In ya zo da yawa a lokaci guda, kamar yadda yake zuwa cikin abin sha, sai ta mai da wani kaso nasa kitse, ta ajiye a jikinta ko ta tura shi cikin jini. Bugu da ƙari, abin sha mai zaƙi ba ya ƙosarwa kamar tuwo. Wanda ya sha kwalba biyu zai zauna ya ci abincinsa kamar bai sha kome ba.

A baki kuma akwai ƙwayoyin cuta da ke cin sukari su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye haƙori sannu a hankali. Abin da ya fi yi wa haƙori lahani shi ne yawan maimaitawa, saboda haka mai kurɓar shayi sau biyar a yini yana ba su abinci sau biyar. Tun a 1972 wani masanin abinci na Ingila mai suna John Yudkin ya rubuta littafi yana gargaɗi a kan sukari, amma a lokacin hankalin likitoci ya fi karkata ga mai da kitse, sai aka yi watsi da shi. Shekaru da dama bayan rasuwarsa aka dawo ana duba maganarsa.

Abin da wata guda ke kawowa

Kwanakin farko su ne masu wuya. Da yawa daga cikin waɗanda suka gwada sukan yi kukan kwaɗayin zaƙi, da kasala, da saurin fushi, wani lokaci da ciwon kai. Wanda ya bar shayin gaba ɗaya saboda ba ya iya shan sa salam, ciwon kansa ya fi tsanani, domin ganyen shayi ma yana da sinadarin da jiki ke sabawa da shi. Irin waɗannan alamu sukan lafa cikin 'yan kwanaki. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma harshe na daga cikin masu saurin sabo.

Abin da ido ba ya gani shi ne ya fi saurin gyaruwa. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka, wanda aka buga a 2016, an ɗauki yara 43 masu ƙiba aka rage musu sukari na kwana 9 kacal, aka maye gurbinsa da abinci mai sitaci don kada yawan abincin ya ragu. Cikin wannan ɗan lokaci aka ga kitsen jininsu da sukarin jininsu da bugun jininsu duk sun sauka. Wani binciken na 2019 ya bi samari 40 'yan shekara 11 zuwa 16 masu kitse a hanta har mako 8. Waɗanda aka hana wa sukari, kitsen hantarsu ya sauko daga kashi 25 zuwa 17 cikin 100, na sauran kuwa bai motsa sosai ba. Yaran da aka auna ba su da yawa, kuma dukkansu masu lalura ne, amma sakamakon ya nuna cewa hanta ba ta ɓata lokaci wajen amsawa in an sauke mata kaya.

Maganar ramewa kuwa sai a yi hattara da alkawuran da ake ji. Masana na Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan sun tattara gwaje-gwaje da yawa a 2013, suka tarar cewa manyan da suka rage sukari ba tare da sun sake wani abu na abincinsu ba, abin da suka rage na nauyi bai cika kilo guda ba in an daidaita. Mai shan cokali 22 zai iya ganin fiye da haka, mai shan 5 kuwa mai yiwuwa ba zai ga kome a sikeli ba. Wanda kuma ya bar sukari ya rama da ƙarin burodi da taliya, ya fita ta ƙofa ne ya dawo ta taga.

Akwai kuma ribar aljihu. Kuɗin kilo ɗaya da rabi na sukari da kwalaben lemu 30, in magidanci ya tara su, za su saya wa iyali wake ko kifi, abubuwan da wannan yanki na fadamun Haɗeja da Nguru yake da su a kusa.

Abin da wata guda ba ya yi

An sha cewa bayan kwana 30 harshe zai juya, mutum ya daina son zaƙi. Wata cibiyar binciken ɗanɗano da ke Filadelfiya a Amurka ta gwada wannan, ta buga sakamakon a 2016. Waɗanda aka rage wa sukari, a watan farko ba a ga wani bambanci ba. Sai a wata na biyu suka fara jin abu mai ɗan zaƙi ya yi musu zaƙi sosai, a na uku abin ya ƙaru. Da aka sake su kuma, ba su daɗe ba suka koma gidan jiya. Ma'ana, wanda ya cika kwana 30 ya yi walima da lemun kwalba, ya tsaya ne daidai lokacin da abin zai fara kama shi.

Haka nan wata guda ba ya warkar da ciwon sukari. Tuwo da shinkafa da burodi da rogo su ma gulukos suke komawa a cikin jini, kuma awon da likita ke yi don sanin yadda sukarin mutum yake zaune, na wata biyu zuwa uku yake nunawa. Wanda ke shan magani kada ya kuskura ya ajiye shi don ya bar sukarin shayi. Sa'an nan masu gudun farin sukari su koma wa zuma ko mazarƙwaila su sani jiki ba ya bambanta su sosai. Zuma dai, ga zaƙi ga harbi. Abin da ya fi shi ne kankana da gwaiba da mangwaro da goriba, a ci su yadda Allah Ya halicce su, domin ɓawo da zaren da ke cikinsu suna rage saurin shigar zaƙin cikin jini, suna kuma cika ciki.

Babbar shaida a kan cewa tsawon lokaci ne ke aiki ta fito daga Ingila. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa gwamnati ta ƙayyade sukarin da kowa zai saya, ba a ɗage dokar ba sai a watan Satumba na 1953, kuma da aka ɗage shan sukari ya kusa ninkawa. A 2024 masana suka duba lafiyar mutane kimanin 60,000 da aka haifa dab da wannan lokaci. Waɗanda suka yi zaman ciki da shekaru biyun farko na rayuwarsu a ƙarƙashin dokar, haɗarin kamuwa da ciwon sukari a girmansu ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100, na hawan jini kuma da kimanin kashi 20. Wannan darasi ne ga iyaye mata da ke zuba wa yaron goye sukari a koko don ya karɓa, da masu rarrashin yara da alewa.

Inda sukari yake magani

Tilas ne a faɗi wannan da babbar murya, domin kada gyara ya zama ɓarna. Yaron da ke gudawa, ruwan gishiri da sukari ne ke tsare ransa kafin a kai shi asibiti. In babu ƙullin da ake bayarwa a asibiti ko a sayar a kemis, ana haɗa ƙaramin cokali 6 shafaffe na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. Sukarin nan shi ke jan gishiri da ruwa su ratsa hanji su shiga jini, in babu shi haɗin ba ya aiki. A yankin da gudawa da amai ke yawaita da damina, gidan da ya bar sukari ma ya kamata ya ajiye kaɗan saboda wannan.

Haka kuma mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari, wani lokaci sukarin jininsa kan faɗi ƙasa ƙwarai, ya ji rawar jiki da gumi da jiri, har ya kai ga suma. A wannan hali sukari ko abin sha mai zaƙi shi ne taimakon farko, don haka ake so ya riƙa yawo da shi a aljihu. Yaran da ake yi wa jinyar tamowa su ma abincin da ake ba su a asibiti yana da sukari, kuma da gangan aka sa shi. Duk waɗannan, da mata masu juna biyu, sai su nemi shawarar ma'aikatan lafiya kafin su sake tsarin abincinsu.

Dalilin da ya sa abin ya shafi wannan yanki

An daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da garuruwan da ke kewaye da ita, har gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin wankin ƙoda kyauta a Asibitin Koyarwa na Damaturu, masana kuma suka shiga binciken ruwan sha da sauran abubuwan da ke muhallin. Babu mai cewa sukari ne ya jawo wannan annoba. Amma a duniya baki ɗaya ciwon sukari da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma wanda yake zaune inda ƙodarsa ke fuskantar barazana, bai kamata ya ɗora mata wani nauyi da hannunsa ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Awon ba ya wuce ɗigon jini guda daga ɗan yatsa, ana yin sa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da sauran asibitoci.

Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemun kwalba cikin dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Sai dai haraji ba ya isa teburin mai shayi, ba ya kuma shiga ƙwaryar fura. Wannan sai mai gida da uwargida.

Mutanen Jajimaji ba baƙi ba ne ga haƙurin wata guda, tunda kowace shekara suna azumtar watan Ramalana cikin ƙishirwa da zafi. Abin lura shi ne a wannan watan ne buhunan sukari suka fi tafiya, masu hali suna rabawa, ana kuma buɗa baki da kunu da zoɓo da lemu waɗanda zaƙinsu ya kai maƙura. Wanda ya iya barin ruwa daga asuba zuwa magariba, rage cokali biyu daga kofinsa ba zai gagare shi ba.

Abin da ya fi wuya shi ne kunya. A al'ada ba a mayar da hannun wanda ya miƙo shayi, kuma wanda ya ƙi sha a majalisa sai a ce ko ba shi da lafiya. Maganin wannan ɗan sauƙi ne, a roƙi mai dafawa ya zuba wa mutum nasa kafin ya sa sukari, ko a ce wa mai shayi cokali ɗaya ya isa. Mai shayi ba zai yi fushi ba, tunda sukarinsa ne zai yi auki. Wanda ba zai iya yankewa lokaci guda ba, ya rage rabi a makon farko, ya sake rage rabi a na biyu, ya fara da lemun kwalba domin shi ne mafi nauyi a lissafi. In ya cika kwana 30, abin da zai duba shi ne cokali nawa zai koma sha daga rana ta 31, domin wanda ya sauko daga 22 ya tsaya a 6 har shekara ta zagayo, ya fi wanda ya yi wata guda babu ko ɗaya sa'an nan ya koma inda ya fito. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kuma kiyaye masu ita.